Burkutun da ya yi tsami da fiton da ya ƙi washewa

"Mama, dahuwa biyu ke nan a jere ina asara. Burkutun ya yi tsami har yana kama maƙogwaro, ga wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce bari in gwada fito, giyar dawar nan marar kauri, shi kuma ya zo a dagule kamar ruwan kududdufi. Yis ɗin ne ya mutu, ko kuwa baki aka yi mini?"

'Yata, ajiye maganar baki tukuna. Na ɗanɗana wanda kika aiko mini a jarka, kuma tun ƙwarya ba ta kai bakina ba hancina ya ba ni rabin labarin. Matsala uku na ji a ciki, kowacce da inda ta samo asali.

Warin nan daga tsiro yake. Damina muke ciki, kin jiƙa dawa, kin baza ta, ta yi kwana 4 tana tsiro, sai rana ta ƙi fitowa, ke kuma kina sauri kada ranar kasuwa ta wuce ki, kika kwashe da sauran danshi kika kai injin niƙa. Funfuna ce kika dafa. Kafin ki kwashe shanya, ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. In ta bushe za ki ji ƙas, cikinta fari kamar alli, da ɗan zaƙi-zaƙi a harshe. In ta lotse a haƙori, mayar da ita rana. Wadda kuwa ta fara kore ko baƙi, ki zubar, ko kaji kada ki ba. Wuta tana kashe funfuna amma ba ta kashe gubar da ta bari, wadda likitoci ke kira afulatoksin, mai lalata hanta. Ruwan jiƙo ma ki riƙa sauya shi, kada dawa ta kwana biyu a ruwa ɗaya tana ɗoyi. Kuma in tsiro ya bushe, ki murza shi a tafin hannu ki sheƙe saiwa da kan tsiron. Su ke kawo ɗaci, kuma gubar da ke kashe akuya in ta ci gyauron dawa, a nan take taruwa.

Tsami kuwa iri biyu ne, wannan ki riƙe shi da kyau. Akwai wanda mu da kanmu muke nema, na daren da muke barin ƙullu ya kwana bayan dahuwar farko. Shi mai laushi ne, irin na nono ko na kamu, kuma in babu shi burkutu salam yake. Dahuwa ta biyu ita ke tsayar da shi inda muke so. In kin makara da safe, ko kin yi rowar itace tukunya ba ta tafasa sosai ba, zai ci gaba da aikinsa. Naki ba shi ba ne. Naki mai hawa hanci ne, mai yankan maƙogwaro. Wannan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cinye ƙarfin giyar su mayar da ita ruwan tsami, kuma ba sa aiki sai da iska. Ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro su ke yawo da su. Randa mai faɗin baki a buɗe, ludayin da aka tsoma a ta jiya aka mayar a ta yau, ragowar da aka ji tausayin zubarwa aka juye cikin sabuwa: duk ƙofa ce.

Na fi zargin randarki. Ƙasa tana shan abin da aka zuba mata, in kuma ta tsage ko da siririn gashi ne, tsamin ya sami gida. Ɗauraya da ruwan sanyi ba ta fitar da shi. Tafasasshen ruwa za ki kwara mata, ki goge, ki kife ta a rana yini guda. In kin sa kai ciki kika ji tsamin har yanzu, ta tashi daga ta giya ta koma ta ajiyar gero.

Yis ɗinki bai mutu ba, ai na ga kumfa. Amma kada ki sake ɗiban irin yis daga tukunyar da ta ɓaci, cutar za ki ƙaura da ita. Zo ki karɓi nawa. Sai ruwan ya huce kamar na wankan jariri za ki zuba, don in zafi ya haura digiri 40 yis yana galabaita, in kuma kin bari ya daɗe a sanyaye babu yis, masu tsamin sun riga shi shiga. Na burodi da kike tunanin saya zai tashi, amma masu sha za su ce ƙamshin gidan burodi suke ji. Ki kuma lura da lokaci. Abin da zai kai kwana 2 da hunturu, a watan Afrilu ba ya ganin magariba. Da bazara rage mudu.

Yanzu dagulewa. A burkutu ba aibi ba ce, da kaurinsa ake son sa, shi ya sa manoma ke cewa abinci ne. Fito ne ake so a ga ƙasan ƙwarya ko kusa da haka, kuma na san inda kika kauce: kin dama garin tsiro kin ɗora duka a wuta lokaci ɗaya. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70, wannan zafin kuma yana kashe sinadarin da ke cikin tsiro mai mayar da sitaci sukari. Shi ya sa iyayenmu suke damawa da ruwan sanyi, su bari ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa na ƙasa har ya yi kauri kamar kunu, ya ɗan sha iska, sannan su mayar da ruwan saman. Ki tsaya ki kalla: kaurin nan zai saki a gabanki, ya tsinke, ya yi zaƙi. Naki sitacin bai narke ba, shi ne yake yawo a ciki, shi ya sa kuma ba shi da ƙarfi. Don ƙullu ya kwanta da wuri, daka karan kuɓewa ko ɓawon dargaza ki tace yauƙin ki zuba kaɗan. Masu fito a arewacin Gana da masu dolo, giyar dawa ta Burkina Faso, su ma da irin wannan yauƙin suke kwantar da nasu. Wajen tacewa kada ki matse buhu don ƙwaɗayin ƙarin kwano ɗaya, bar shi ya ɗiga da kansa.

In kuma wata rana kika ɗaga ludayi kika ga yana jan zare kamar miyar kuɓewa, alhali jiya ba haka yake ba, wannan ruɓewa ce, ba ta da gyara.

Ƙauri ba sai na faɗa miki ba, hannu ne ya bar muciya. Amma ki kiyayi tsohon duro. Shekarata ta farko na sayi wani da araha, na dafa na Kirsimeti a ciki. Jar dawa da tsatsa ba sa shiri: ya yi baƙi, ana sha ana jin kamar an lashi ƙusa. Uwar ɗakina ta kurɓa sau ɗaya, ta miƙo mini ƙwaryar ba ta ce komai ba.

Ranar Alhamis zan jiƙa dawa. Ki zo da sassafe da tafin tsironki ɗaya, ki sa yaro ya ɗauko randar nan in sa hancina a ciki.