Amsa ga ƙanena: wane jirgi za ka hau daga Kano?

Assalamu alaikum, ƙanena. Na saurari saƙonka har sau biyu, na kuma jiyo muryar Umma a gefenka tana cewa ka tambaye ni da kyau. Ka ce ejan ya samo maka tikitin Ethiopian daga Kano zuwa nan Kuala Lumpur, a bi ta Addis Ababa, sai wani abokinka ya ce kada ka kuskura, wai jirginsu ya taɓa faɗuwa, gara ka hau mota zuwa Abuja ka nemi wani kamfanin. Na kawo amsar nan inda kowa zai gani, don ɗalibai da yawa sun sha yi mini wannan tambayar.

Tsoron Umma yana da tushe. Ba a haife ka ba a lokacin. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana muna zaune a soro muka ji ƙara, kafin mu fito hayaƙi ya turnuƙe ta wajen Gwammaja. Jirgin EAS ne, ƙirar BAC 1-11, ya tashi za shi Legas ya faɗa kan gidajen mutane. Ministan wasanni Ishaya Mark Aku yana cikin waɗanda suka rasu, ga kuma bayin Allah da ajali ya iske su a cikin ɗakunansu. Gida-gida Umma ta dinga bi tana gaisuwa. Har yau in jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ta saman gidanmu, ka san yadda take ajiye abin da ke hannunta ta yi salati. Saboda haka kada ka yi mata gardama, lallaɓa ta za ka yi da bayani.

Abokinka ma bai yi ƙarya ba. Ranar 10 ga Maris, 2019 jirgin Ethiopian ya faɗi minti shida da tashi daga Addis Ababa, mutum 157 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Sai dai abin da ya kamata ya bincika shi ne me ya kayar da shi. Sabon jirgi ne fil, Boeing 737 MAX, wata huɗu da fara aiki. Akwai wata manhaja a cikinsa mai suna MCAS, na'urar da ke ba ta bayani ta ba ta na kuskure, sai ta dinga danna hancin jirgin ƙasa, matuƙa na ja tana mayarwa. Ƙasa da wata biyar kafin nan, irin wannan ta ci mutum 189 a jirgin Lion Air na Indonesiya. Tushen matsalar daga masana'anta yake, shi ya sa aka hana wannan ƙirar tashi a faɗin duniya, Amurka ma sai bayan wata 20 ta sake ta, bayan an yi gyara.

Mu nan mun ga irin haka. A 2014 kaɗai Malaysia Airlines ya rasa jirage biyu: ɗaya ya ɓace da mutum 239, ɗayan an harbo shi a sararin samaniyar Yukiren da mutum 298. In da lissafin faɗuwa ake bi, da babu mai ƙara hawansa, amma ni kaina na hau shi ya fi a ƙirga. Air France da ake ganin babban suna ne, jirginsa ya faɗa teku a 2009. Kuma ka lura, Ethiopian tun 1946 yake tashi. Ba adalci ba ne a auna shi da kamfanin da aka kafa shekaranjiya da jirage uku, a ce wai shi takardarsa fara ce.

Ni abu biyu nake dubawa kafin in biya kuɗi, kuma a wayarka za ka gama su. Na farko rajistar IOSA, binciken da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ke sa a yi wa kamfani a kan horar da matuƙa da kula da injina da sauran tsarin aiki. Ka rubuta sunan kamfanin a shafinsu, in yana ciki ka gani. Na biyu jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga sararin samaniyarta. Ethiopian da Qatar da EgyptAir duk mambobin IATA ne, kuma kullum suna sauka a biranen Turai.

Inda na fi damuwa shi ne shawarar hawa mota. Daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna ya haura kilomita 400, ga tireloli, ga gudun direbobin haya, ga fargabar masu garkuwa da mutane. Wallahi a duk tafiyarka babu wurin da zan fi ji maka tsoro kamar wannan hanyar. Kana da filin jirgin Malam Aminu Kano a ƙofar gida, me zai kai ka?

Sauran kuma a hannunka yake. Ka ɗaura bel ɗin kujera muddin kana zaune, ko da an kashe alamar. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya shiga gargadar iska, waɗanda ba su ɗaura ba suka bugi rufin jirgin, da yawa suka ji ciwo, mutum ɗaya ya rasu. In an ce a fita cikin gaggawa, ka bar jakarka. A Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya kama wuta a filin jirgin Haneda da ke Tokyo, duk mutum 379 da ke ciki suka fita da ransu, kuma barin kaya na cikin abin da ya taimake su. Fasfo da takardar makaranta su zauna a jikinka. Fawa bank ɗinka ya shiga jakar hannu, kada ka zuba shi a akwati.

Ka ce wa ejan ya yanka tikitin, amma ya zama guda ɗaya tun daga Kano har nan, don in an yi latti a Addis kamfanin ne zai ɗauki nauyinka. Ka turo mini lambar jirgin da ranar sauka, ina nan bakin ƙofar fitowa in sha Allah. Umma kuwa zan kira ta bayan sallar Juma'a in yi mata bayani da kaina. Allah ya kawo ka lafiya.