Malama, ki fara da gwangwani da biro, guduma sai daga baya

Wa alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki, an ba ki darasin zane-zane a ƙaramar sakandare kina so ki koya wa yara aikin nan da ake danna ƙarfe ta baya zane ya taso ta gaba, amma aji ya cika maƙil kuma makaranta ba ta da kayan aiki. Na ga wasu sun ce sai kin nemi tagulla da guduma da kurfi, to ni dai na daɗe ina koyar da wannan abin, shawarata kar ki bari yaro ya riƙe guduma a zangon farko ko kaɗan, hannu ne zai fara koyon yadda ƙarfe yake miƙewa da inda yake fashewa, kuma wannan da biro ake koyonsa.

Ki sa kowa ya zo da gwangwanin lemo na alminiyom da biron da ya ƙare da tsohuwar jarida. In akwai masu buga littattafai ko kalanda kusa da ku ki tambaye su tsofaffin farantan da suka gama aiki da su, suma alminiyom ne kuma sun fi faɗi, sai dai sun ɗan fi tauri. Yankan gwangwanin kuma ke za ki yi da almakashi tun kafin ranar, ki cire sama da ƙasa ki baje shi ki bi gefen da salatif, don wallahi bakin nan yana yanka kamar reza kuma yara ba sa jin kashedi in suna zumuɗi.

Abin da zai ba ki wahala shi ne gwangwani yana da taurin kai, kina danna shi yana dawowa. Maganinsa wuta. Ki goga masa sabulun wanki na sanda ki gifta shi a kan wutar gawayi da awartaki, da zarar sabulun ya yi baƙi ki janye, zai yi laushi sosai. Kar ki jira ya yi ja, alminiyom ba ya yin ja sai dai kawai ki ga ya narke, wajen digiri 660 yake narkewa. A waje za ki yi wannan ke kaɗai saboda fentin jikinsa da rufin cikinsa hayaƙi suke yi marar kyau.

A aji kuwa yaro zai zana abinsa a takarda, ya manna a kan ƙarfen, ya ɗora a kan jarida mai ninki da yawa ko tsohon silifas, ya bi layin da biro a hankali. Sai ya cire takardar ya kifa ƙarfen, ya riƙa murza cikin zanen da bayan ƙaramin cokali ko gindin biro kaɗan-kaɗan har ya taso. Daga nan ya sake juyawa, wannan karon a kan tebur mai tauri, ya kwantar da filin da ke kewaye. Nan ne yawancin yara suke tsallakewa kuma nan ne kyan aikin yake, in ba a kwantar da kewaye ba zanen kumburi kawai yake zama. Ki nuna musu bambancin da guntu biyu a hannunki, su shafa da yatsa, sun fi ganewa a kan dogon bayani. Duk wanda ya huda nasa ki ce ya ci gaba a haka, zai gane cewa wuri ɗaya ya yi ta dannawa har ƙarfen ya yi siriri.

Za su so rubuta sunayensu, kusan duka, ki bar su amma ki gaya musu su bi layin sunan ta gaban ƙarfen, don abin da aka rubuta ta baya a juye yake fitowa. Ni dai na fi son su fara da dagi ko zanen hula ko irin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, tunda layukan a fili suke kuma ido ya saba da su. In an gama a ɗiga narkakken kyandir a ramin baya don kar ya lotsa, a shafa baƙin man takalmi a gaba a goge, baƙin ya zauna a cikin layuka tudun ya yi ƙyalli.

Kuma don Allah ki gaya musu wannan sana'a ce ta gida. A Bida ta jihar Neja maƙeran unguwar Tswata Mukun sun shahara da tire da kwanukan tagulla masu ado da aka buga da hannu. A Osogbo akwai Asiru Olatunde, ɗan gidan maƙera ne, a shekarun 1960 ya koma buga manyan allunan alminiyom da irin wannan dabarar har aikinsa ya kai ƙasashen waje. Mu ma muna da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. In kin samu ɗaya a garinku ki je da kanki ki gaishe shi, ki roƙe shi ya zo a zango na biyu da kayansa ya buga a gabansu, a ba shi ɗan abin sallama ko daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ne. A lokacin yaran sun riga sun san abin da suke kallo, tambayoyinsu ma daban za ki ji su.

Batun yawan aji, ki raba su rukuni-rukuni, cokali ɗaya ya ishi mutum huɗu, kuma ki yanka ƙarfen ƙanana kamar tafin hannu don kowa ya gama nasa a darasi ɗaya ya kai gida. Ki tanadi auduga da filasta a aljihun tebur. In kin gasa gwangwanin farko ki turo hotonsa nan mu gani ko wutar ta yi daidai. Allah ya taimaka.