Me Ya Bambanta Lamba 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, na sha cin karo da lamba 2,147,483,647 a bayanan kwamfuta. Shin tana da wani matsayi na musamman a ilimin lissafi?

Amsa: Tana da shi ƙwarai, ɗan'uwa. Da farko dai mara ce, tunda ta ƙare da 7, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Ana samun ta idan aka ninka 2 da kanta sau 31 sannan aka cire 1, shi ya sa take cikin jerin lambobin da ake dangantawa da malamin Faransa Marin Mersenne.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da wannan siffa tata a 1772, kuma hikimarsa abar yabo ce, domin bai gwada kowace lamba ba. Ya san cewa idan akwai mai raba ta, to akwai wadda ba ta wuce 46,340 ba, kuma dole ta bar saura 1 in an raba ta da 62.

A kwamfuta kuwa, ita ce iyakar ƙidayar tsarin bit 32 (wato gurabe 32, kowanne 0 ko 1) mai alamar ƙari da ragi, kuma agogon kwamfuta da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1970 zai kai ta ranar 19 ga Janairu, 2038.