Tambaya da Amsa: Wa Ya Mayar da Odisiyus Gida?

Tambaya: Malam, mun karanta labarin Odisiyus a aji. Dabararsa ce ta mayar da shi gida, ko taimakon allolin da Girkawan dā ke bautawa? Ɗalibarku daga Daura.

Amsa: 'Yata, a waƙar Homer, mawaƙin Girkawan dā, duka biyun ne, amma hannun allolin ya fi nauyi. Odisiyus ya baro birnin Taroy bayan yaƙi da jiragen ruwa 12, ya shekara 10 a hanya, ya isa tsibirinsu Itaka shi kaɗai.

Bakinsa ne ya ja masa. Da ya tsiyaye idon Folifemus, wani dodo mai ido ɗaya, sai ya tsaya kirari har ya faɗi sunansa, uban dodon, Fosaidon mai teku, ya sa shi gaba. Ayolus mai kula da iskoki ya ɗaure masa su a salka, mutanen Odisiyus suka kwance ta suna zaton zinariya ce, ga gida ana hangowa, iskokin suka mayar da su baya.

Atina, allahiyar hikima a wurin Girkawa, ita ce ginshiƙinsa. Ita ta roƙi Ziyus, shugaban allolin, aka aiki manzonsu Hamis ya sa Kalifso, wata allahiya da ta tsare shi, ta sake shi bayan shekara 7 a tsibirinta. Duk da haka, shi ya sare itatuwa 20 ya haɗa kwalekwalensa cikin kwana 4. Da ya sauka Itaka, Atina ta mayar da shi tsohon mabaraci don kada manema matarsa su gane shi.