Tuna bara, tashin hankali da himma: amsoshin tambayoyinku

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta rubuto ta ce: "Malam, da ake cewa 'kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba', ana nufin tuna abin da ya wuce ne ke hana mutum jin daɗin yau?"

Malama, haka yawancin matasa ke fassara shi yanzu, amma sun juya maganar. Dubi gininta da kyau. An ce "bai ji ba", wato abin ya riga ya faru. Da sakamako ake nufi, da sai a ce "ba zai ji ba". Rashin daɗin bana ne ya fara zuwa, shi ya jawo tuna bara. Maganar manoma ce tun asali, domin da damina ake ƙirga bara da bana da baɗi. Wanda rumbunsa ya cika bana ba ya zama a gindin bishiya yana lissafin damin geron da ya ɗaure bara. Sai wanda fari ya taɓa. Shi ya sa idan dattijo ya cika cewa "a zamaninmu", yara kan jefa masa wannan karin maganar a bayan idonsa.

Duk da haka ba na faɗa da fassarar taki. Idan mace ta ga kullum zancenta gidan tsohon miji ne, ko ɗan kasuwa ya ga ba ya da hira sai ta cinikin da ya yi shekara goma da suka wuce, karin maganar tana nuna masa inda ciwon yake: akwai abin da ya lalace a bana, can ya kamata a kai hannu. Bara ba ta gyaruwa. Ita ce ma ake wa kirari da "da na sani ƙeya ce", kullum a baya take, ba mai ganin tasa.

Wani ɗalibi daga Zangon Kumasi ya ce abokansa suna ta zancen mutum ya riƙa zama da tunaninsa a kan abin da yake yi yanzu, yana tambaya ko Hausa tana da sunan wannan hali.

Tana da shi, ɗana, har ya yi yawa. Kalmar "hankali" aro ce daga Larabci, daga "aƙli", kuma tushen nan ɗaya ne da sunan igiyar da Larabawa ke ɗaure ƙafar raƙumi da ita, abin da mu muke kira dabaibayi. To ka saurari yadda Bahaushe yake magana a kan hankali, sai ka rantse dabba ce a turke. Yakan tashi, yakan kwanta, yakan tafi, yakan gushe, yakan rabu biyu. Idan uwa ta ce wa 'yarta "mai da hankalinki", ai ba a mayar da abu sai wanda ya bar wurinsa. Idan malamin allo ya ce "tattara hankalinka", ya ga ya watse ne kamar awaki a kasuwa. Abin da abokanka ke nema shi ne natsuwa, a bakin malaman addini kuma halartar zuciya, wadda ake so mai salla ya samu don kada jikinsa yana sahu zuciyarsa tana Kantin Kwari.

Tambaya ta uku ta wani tela ce daga Zariya. Ya ce an shawarce shi ya nemi sana'ar da yake "sha'awa", ga shi shekara shida yana ɗinki bai ji wata sha'awa ba, shin kalmar ce daidai?

Ɗan'uwa, kalmar ta yi maka ƙaranci. "Sha'awa" ma daga Larabci take, kuma can ma'anarta ta fi karkata ga kwaɗayin jiki, shi ya sa har yau ake taka-tsantsan da ita a gaban surukai. Tana zuwa da gani, tana tafiya da ƙoshi. Ƙannenta su ne ɗoki da zumuɗi, irin na yaro da sabon takalmin salla. Wadda ke riƙe mutum a kan sana'a ita ce "himma", kuma an ce himma ba ta ga raggo. Lura, a bakin Bahaushe himma yin ta ake yi, kamar yadda ake yin noma, babu wanda ya taɓa tsintar ta a hanya.

Na taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Wani marini yana tsugune bakin rami, ya tsoma ƙyalle a ruwan baba, ya ɗan jujjuya, ya ɗago. Ƙyallen ya fito kore-kore. Ya riƙe shi a iska yana kallo har ya rikiɗe ya zama shuɗi, sannan ya sake tsomawa. Ina yi masa tambaya, yana amsawa ba tare da ya ɗago kai ba, domin idan ya yi sakaci launin ba zai hau daidai ba. Sai an yi ta tsomawa ana ɗagowa kafin a samu baƙin shuɗin nan da Buzaye ke so a rawani. Wannan ne ake nufi da "yau da gobe ke sa allura ginin rijiya". Ka koma kan kekenka ka dubi wuyan rigar da ke gabanka, ka gwada shi da wanda ka ɗinka shekarar farko.

Wani kuma daga Garwa yana ganin "gobe ta Allah ce" ta ci karo da "ba a fafe gora ranar tafiya". Ba su ci karo ba. Ta farko tana hana ka damuwa da abin da ba ya hannunka, ta biyu tana nuna maka aikin da ya rataya a wuyanka tun yau, wato fafe gorar. Matafiyin da ya fafe tasa ya fi kowa samun barci.

Mai tambayar abin da ke bin jibi kuwa: gata ce, sai citta, sai shekaran citta.