Hukuncin nema wa kare mai cizo mazauni

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai aikin garka ne a bakin Gulbin Maradi. Shekara uku ke nan ina tsintar karnukan da aka yar, in ba su ruwa da sauran tuwo, idan sun murmure in ba masu garka ko makiyaya. Yanzu ɗaya ya gagare ni. Wata bakwai da suka wuce na same shi da waya ɗaure a wuya har ta nutse cikin nama, na kwance shi na yi masa magani. Ni duk inda na sa ƙafa yana biye da ni, amma baƙo na miƙa masa hannu sai gurnani, kuma wata biyu da suka wuce ya ciji yaron maƙwabcina a ƙwauri lokacin da yaron ya kai hannu ga kwanon abincinsa. Mai filin da nake garka a kai zai karɓi filinsa bayan damina. Wani ya ce in kai shi daji ta hanyar Dakoro in sake shi, wani ya ce in sa masa guba, wani kuma ya ce in ba wani mai shago da ke neman karen gadi kada in gaya masa komai, tunda cizon ma shi ake nema. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwana, Allah ya saka maka da alheri a kan wayar nan da ka cire, domin na san da yawa cikinmu za su gan shi a wannan hali su kau da kai, suna ganin kare bai isa a tsaya masa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya ga kare yana lallage yana cin danshin ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa musu cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Kuma a mazhabar Imamu Malik da muke kanta a ƙasar nan, kare mai rai jikinsa mai tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Saboda haka kada wani ya sa maka waswasi a kan aikinka.

Shari'a ba ta buɗe ƙofar ajiye kare ga kowa ba. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙe kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, za a riƙa rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa mai littafin, Ibnu Abi Zaid, ya tabbatar da wannan hani. Malamai sun haɗa gadi da waɗannan ukun idan buƙata ta tabbata, har masu sharhi suka kawo cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Wannan shi ya iyakance maka inda za ka nema masa wuri: garka, garke, gona, wajen mafarauta, ko wurin da ake da buƙatar gadi ta gaskiya.

Shawarar da ta fi tayar mini da hankali cikin ukun nan ita ce ta mai shago, domin ita ce ta fi kama da mafita, kuma ita ce mutanen kirki suka fi faɗawa cikinta. Haramun ne ka ba kowa karen nan ba tare da ka gaya masa ya taɓa cizo ba, ko kyauta ce ko ba kyauta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan danshin hatsi, wanda iyakar ɓarnarsa asarar kuɗi ce, bai halatta a ɓoye shi ba, to ina ga aibin da zai iya yaga fuskar yaro? Cewa kyauta ce ba ta sauke wannan nauyi, domin hana cuta wajibi ne mai zaman kansa, kuma ƙa'idar nan ta "babu cuta babu cutarwa" tana cikin Muwaɗɗa. Bayanin ma ba a dunƙule za ka yi shi ba da cewa karen yana da ɗan zafi, domin kowane mai neman karen gadi zai ji wannan a matsayin yabo. Ka faɗi abin da ya faru filla-filla: wa ya ciza, a ina, yaushe, me yaron yake yi a lokacin, kuma me ke sa shi gurnani. Ka faɗi haka a gaban shaidu biyu, saboda malaman mazhabarmu sun ɗora lamunin ɓarnar kare mai cizo a kan mai shi idan an riga an gargaɗe shi ya yi sakaci, kuma shaidun za su kare ka su kare wanda ka ba karen ranar da magana ta taso.

Har idan mai shagon ya ji komai ya ce ya yarda, ban ga ya dace ka ba shi ba. Ka dubi ƙofar shago a unguwar Bagalam ko Sabon Gari a Maradi da safe: yarinya ƴar shekara biyar da aka aiko sayen sukari da ganyen shayi, almajirai zaune da robobinsu, masu tallan ƙosai suna shige da fice. Yardar mai shago ba ta zama yardar iyayen waɗannan yara ba, kuma ba shi da ikon yafe haƙƙin da ba nasa ba. Wurin da ya dace da irin wannan kare shi ne garka mai shinge ko gona nesa da gidaje, irin na wajen Jiratawa ko Madarunfa, a hannun babban mutum ɗaya wanda ya saba da karnuka, inda babu ƙananan yara, kuma inda ba za a sake ɗaure shi a rana ba.

Sakinsa a daji kuwa bai halatta ba. Ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta bar ta ta nema da kanta ba, kuma karen da ya saba cin abinci daga hannunka idan ka yar da shi inda babu ruwa ka haɗa masa irin wannan ƙarshe ta wata hanya. Idan kuma ya rayu, to tumakin makiyayi ko ɗan makiyayin ne za su biya.

Sauran magana tana kan ko karenka shi ne kare mai cizo da hadisi ya ambata cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko da a Harami, tare da hankaka da shirwa da kunama da ɓera. Imamu Malik ya fassara shi da duk abin da ke cizon mutane yana kai musu hari yana firgita su, har ya shigar da zaki da damisa a ciki, wato abin da hari ya zame masa ɗabi'a. A yadda ka siffanta naka, ina ganin bai kai nan ba tukuna. Karen da ke bin mutane a hanya yana far musu ba tare da an taɓa shi ba daban, wanda kuma ya ciji hannun da ya nufi kwanonsa bayan an azabtar da shi da waya daban. Masana halayyar dabbobi suna cewa mafi yawan irin wannan cizo tsoro ne ko ciwo ko tsaron abinci ke jawo shi, kuma gurnani gargaɗi ne, wanda ya doke kare saboda gurnani ya koya masa cizo ba sanarwa. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya tabbatar cewa kare yana karɓar horo, har ya halatta cin abin da horarre ya kamo. Umarnin kashe karnuka da aka yi da farko a Madina kuwa an janye shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal.

Sai dai wannan hukunci ba na malami ne shi kaɗai ba. Wajibi ne ka kai shi wurin likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo kafin ya bar hannunka, a duba wuyan nan ko har yanzu yana masa ciwo, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Likitoci sukan sa ido a kan karen da ya yi cizo na kwana 10, domin wanda ke ɗauke da cutar a yawunsa ba ya wuce wannan lokaci lafiya. Naka ya yi wata biyu yana ci yana sha, wannan abin kwantar da hankali ne game da yaron, amma duk da haka a nuna wa likita yaron idan ba a yi ba. Wanda za ka ba karen ka koya masa cewa idan cizo ya auku a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran maganin gida.

Kada ka karɓi kuɗi a kansa. An hana cin kuɗin kare a hadisi, kuma ko da yake malamanmu sun yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa, har Sahnun ya halatta, mashhurin zance shi ne hani, ga shi kuma kuɗi yakan sa mai bayarwa ya rage faɗin aibi.

Idan likita ya ce yana ɗauke da ciwon hauka, ko ya koma kai hari ba dalili, ko ka nema iyakar ƙoƙarinka har wa'adin filin ya cika ba ka sami amintaccen hannu ba kuma ba ka da inda za ka killace shi, to a nan kashe shi ya halatta kuma babu zunubi a kanka, domin kiyaye jinin ɗan Adam yana gaba. Ko a Faransa, inda ƙungiyar kare dabbobi take aiki tun 1845 kuma ake da gidajen tara karnukan da aka yar, akan kai ga wannan mataki a kan karen da ya tabbata hatsari ne. Amma guba ba ta halatta, domin mutuwa ce mai tsawo da azaba, kuma ungulu da kyanwa da kajin maƙwabta suna iya cin ragowarta, alhali hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa. Likitan dabbobi ne zai yi shi ta hanya mafi sauri, a kuma binne gawar.

Kana da sauran damina a gabanka, saboda haka ka fara tun yanzu. Idan ka sami wanda ya dace, ya riƙa zuwa garkarka yana ajiye masa abinci da kansa yana ja da baya, kwana da kwanaki, har karen ya daina noƙe wutsiya idan ya gan shi, sannan ka raka shi sabon wurin da kwanonsa da ya sani, ku kuma yi sharaɗin cewa idan abin ya ƙi a dawo maka da shi kada a yar. Kafin nan ka killace shi duk lokacin da yara suke kusa, a inuwa, da ruwa a gabansa. Maƙwabcinka kuwa ka je har gida ka tambaye shi abin da ya kashe wajen maganin yaron ka biya shi, sai idan shi ya yafe da bakinsa.

Allah ne Mafi sani.