Gwazarma ta cinye mini saiwar alayyafo

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida, alayyafo da tumatir da 'yar ciyawar ado. Tun faɗuwar damina ganye ke yin rawaya, in na ja tsiro sai ya tuge ba saiwa. Da na tona sai ga fararen tsutsotsi masu jan kai, a lanƙwashe kamar lauje. Jikokina a wurin suke wasa, ba na son zuba guba. Ina mafita?
Wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Hajiya, gwazarma ce, 'ya'yan wani ƙwaro dangin buzuzu. Da ruwan farko uwar ke fitowa ta saka ƙwai a ƙasa mai laima, musamman inda aka zuba ɗanyen kashin shanu. Ki fara duba takinki. In bai ruɓe sosai ba, kada ya shiga lambu.

Kin yi daidai da kika guji guba. Na taɓa zuba ta a lambuna na Kawo, washegari na tarar da tana birjik a mace, alhali ita ke sassauta mini ƙasa. Har yau abin na damuna.

Ga abin da nake yi yanzu. Da sassafe nakan kafta fili da fartanya, zurfin kamar taƙi guda, in saki kaji da zabi. Zabuwa ba ta barin ko ɗaya da ta gani, har da gudu take bin bakin fartanyar. Kwana uku a jere ake yi, amma ki kange inda shuka take tsaye, don kaji ba sa bambance tsutsa da alayyafo. Daga nan ki daka 'ya'yan dogon yaro ki cuɗa da ƙasa mako biyu kafin sabon dashe. Sinadarin da ke ciki yana hana tsutsar ci da girma. Aikinsa a hankali yake, sai kin yi haƙuri.

Akwai kuma wasu tsutsotsi ƙanana da ido ba ya gani, nematod, da ake damawa a ruwa a zuba. Su ke shiga jikin gwazarma su kashe ta cikin kwana biyu zuwa uku. Rana na kashe su, shi ya sa sai da yamma ake zubawa, ƙasa kuma ta zauna a jiƙe. Ki tuntuɓi malaman gona, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ki tafi da tsutsa biyu a kwalba su gani.